Baƙa a Bakin Rami

Shekarar kuɗin Udoji ce ta raba Datti da aikin gwamnati. A shekarar nan kowane ma'aikaci a Kaduna ya wayi gari aljihu cike da ariyas na ƙarin albashi. Masinja ya sayi Honda, akawu ya sayi rediyo mai cin kaset, wasu kuma suka rasa inda za su kai nasu sai kulob ɗin ma'aikata, kan koren teburin sanuka, inda Datti ke jiransu da sanda a hannu kullum bayan la'asar.

Mai buga tafireta ne a wata ma'aikata, ƙaramin ma'aikacin da in ya shigo ofis ba mai ɗaga kai. Amma in ya sunkuya kan teburin nan ya ɗora sanda bisa yatsunsa, ɗaki tsit yake yi. Ƙwallo na bin umarninsa kamar ya yi mata asiri. Abin da yakan kwasa a yamma biyu ya fi albashinsa na wata, sai zuciya ta raya masa cewa in yamma kaɗai tana ba da haka, ina ga an ba ta yini sukutum? Ya zauna ya buga takardar ajiye aiki a kan tafiretar gwamnati, ya kai wa shugabansa Malam Maliki, ya fice.

Abokin zamansa na ofis, Irmiya, mutumin Kagoro, ya bi shi har bakin titi yana roƙonsa ya koma ya karɓo takardar tun tawada ba ta bushe ba. Ya tuna masa da fansho, ya tuna masa da gidan kwatas da yake ciki kusa da Badarawa, ɗaki biyu da famfo da lantarki, wanda na gwamnati ne ba na ubansa ba. Datti ya yi dariya ya ce kafin a tashe shi ya gina nasa. Matarsa Safara'u da ta ji labari ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dai tambaye shi me za ta ce wa mutane in sun tambayi sana'ar mijinta.

Abu biyu ne bai sa a lissafinsa ba. Na farko, kulob na ma'aikata ne, wanda ya ajiye aiki kuwa ya zama baƙo, sai wani ya shigo da shi. Wannan mai sauƙi ne, Irmiya yana nan. Na biyun shi ya karya shi. Mutanen da ke faɗuwa a hannunsa suna dariya, abokin aikinsu suke faɗar wa, suna kiran abin nishaɗi. Ranar da ya dawo ba ofis a bayansa, sunansa ya koma ɗan caca. Da ya ɗauki sanda sai kowa ya tuna yana da uzuri a gida.

Haka ya gangara otal-otal ɗin Abakpa, inda ƙyallen tebur ya sha faci, ƙafarsa ɗaya bisa marfin kwali. Can ya haɗu da sojan da zai faɗi ya ƙi biya, ya kuma tsaya yana kallonka ko kana da magana. Can ya koyi cewa ba ci ne sana'ar ba, faɗuwa ce: ka bari baƙo ya cinye ka sau ɗaya, sau biyu, har ya saki jiki ya ɗora mai nauyi, sannan ka nuna masa hannu. Wanda ka yi wa haka kuwa ba ya dawowa, kuma sai ya gaya wa goma. Kafin damina ta kankama duk Abakpa an san fuskarsa. Sai ya yini tsaye jikin bango tun hantsi, sanda a hammata, yana jiran baƙon da bai ji labarinsa ba. Bayansa ya riƙe, idonsa ya yi ja don hayaƙin taba. Ba ya shan giya, amma rigarsa na sha, har Safara'u ta ware mata bokiti dabam. Wasan da a dā yake mafarkinsa ya koma masa kamar dakan da ba ya ƙarewa. Wata rana ya kama kansa yana hamma a tsakiyar bugu.

Abin da ya fi cin ransu shi ne gidan. Kullum suna jiran a zo a ce su tashi, kullum shiru. Duk sanda motar gwamnati ta shigo layin kwatas, Safara'u sai ta ajiye abin da take yi ta leƙa ta labule, ga tsohon ciki, ga 'yarsu Kaltume da ke makarantar bayan layi.

Ranar wata Laraba Irmiya ya faka Hondarsa a ƙofar wani otal a Abakpa, ya shiga yana toshe hanci, ya samu Datti zaune kan benci shi kaɗai yana goga alli a bakin sanda.

"Attajiri," in ji Irmiya, "ina sauran ma'aikatanka, ko duk sun tafi hutu?"

"In wa'azi ka zo yi, yau ba Lahadi ba ce."

Irmiya ya zauna ya rage murya. Ya gaya masa dalilin da ya sa ba a tashe su ba: takardarsa ba ta taɓa barin aljihun teburin Malam Maliki ba. Mutumin ya lissafa masa watannin nan a matsayin hutun da ya tara, ragowar kuma hutu ba albashi. Amma igiya ta zo ƙarshe. Sojoji sun yi sabuwar gwamnati, ana ta kakkaɓe ma'aikata kamar ana kaɗe tabarma, kowane shugaba na tsoron a samu ɓaraka a ƙarƙashinsa. Ƙarshen wata, ko dai Datti yana kan kujerarsa, ko takarda ta hau sama, gida kuma ya bi ta.

Datti ya ajiye allin da ke hannunsa. Ya yi zaton zai ji zafin girman kai, sai ya tarar babu ko ɗaya, gajiya ta cinye shi. Abin da ya ji kawai shi ne marmarin kujerar nan mai ƙara, da fankar ofis, da a ce ƙarshen wata ya zo ko ka ci ko ba ka ci ba.

Irin wannan roƙo ba a zuwa shi kaɗai. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya ɗauki kawunsa Sanda, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune a Kurmin Mashi, suka nufi gidan Malam Maliki. A hanya tsohon bai bar shi ya huta ba: ya wanke shi tas a kan caca, ya ce ko arzikin ya zo ba mai albarka ba ne, sannan ya ce in sun shiga ya kama bakinsa, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Datti ya tuɓe takalmi tun daga baranda, ya zauna a ƙasa, kai a sunkuye. Kawu Sanda ya yi magana mai tsawo a kan ƙuruciya da ruɗin zamani da mace mai ciki. Malam Maliki, mutum mai jiki da farin gilashi, ya saurara yana jan carbi, bai ce e ba bai ce a'a ba. Ya tambayi lafiyar iyali, ya yi zancen ruwan bana. Sai da suka miƙe za su tafi sannan ya dubi Datti karo na farko.

"Kwana biyu ban samu abokin wasa ba. Ka zo kulob gobe da la'asar mu motsa hannu. Litinin kuma sai mu ga abin da Allah zai yi."

Kawu Sanda bai gane ba, har ya ɓata rai da jin an sake ambaton sanuka. Datti kuwa ya gane sarai. A kulob ɗin nan akwai ladabin da ba a rubuta ba: ƙarami in ya haɗu da babba a tebur, yakan ja wasa ya yi armashi, sannan ya bari babban ya ɗauka a ƙarshe, a tafa, kowa ya tafi da mutuncinsa. Shekara da shekaru Datti na kiyaye wannan. Sau ɗaya ya karya, yammar ranar da ya ajiye aiki, kansa na hayaƙi: ya share teburin a gaban manya, Malam Maliki na tsaye riƙe da sanda kamar mai gadi, bai samu ya jefa ko ta kirki ba. Wannan ce ake so ya mayar, a wurin da ya ɗauka, a gaban mutanen da suka gani.

Irmiya da ya zo ɗaukarsa ranar Asabar ya ƙara masa karatu a kan babur, iska na kwashe rabin maganar. Kada ya faɗi da tazara mai yawa, wannan zagi ne. Kada ya yi kuskuren da ko makaho zai gane na ganganci ne. A tafi kafaɗa da kafaɗa har ƙwallon ƙarshe.

"Ka ba shi a baki," in ji shi, "amma kada a ga cokalin."

"Wata nawa ina wannan a Abakpa. Faɗuwa dai ai na iya."

"Can kana faɗuwa don ka ci ne. Yau faɗuwa za ka yi don ka faɗi, ban sani ba ko hannunka ya san bambanci."

Ɗakin sanukar ya cika fiye da kullum, labari ya riga su isowa. Hadari ya haɗo ta gabas, an kunna fitilar da ke rataye bisa tebur. Datti ya shafa ƙyallen da tafin hannu, sumul, ba faci ba tudu. Ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya. Wani ya tambaye shi ya kasuwa, aka yi 'yar dariya. Bawa, mai kula da teburin, ya jera ƙwallaye ya koma jikin allon maki.

Malam Maliki ya tuɓe babbar riga ya naɗe hannun 'yar ciki. "Kada ka ji tausayina, Datti."

"Wane ni, ranka ya daɗe."

Ba a yi nisa ba Datti ya gane aikin da ke gabansa ya fi duk wanda ya taɓa yi. Malam Maliki da ƙarfi yake bugu, kamar ƙwallayen sun yi masa laifi, ga shi yau idanu sun yi masa yawa. Datti ya ajiye masa jar ƙwallo a bakin rami, shi kuma ya buge ta ta yi tsalle ta dawo tsakiya. Ya sake ajiye masa wata, ya kauce mata gaba ɗaya, maki ya tafi wurin Datti ba tare da ya nema ba. Dole ya riƙa jefa ɗaya yana kuskure biyu, kuskuren kuma sai ya zama mai kyan gani, ƙwallo ta taɓa leɓen rami ta girgiza ta tsaya, mutane su ce kash. Kowane bugu sai ya auna uku: inda tasa za ta kuskure, inda farar ƙwallon bugu za ta tsaya, da abin da mutumin nan zai iya jefawa. Gumi ya jiƙa masa baya. Bai taɓa wasa mai kyau irin na yau ba, kuma ba wanda zai yaba masa.

A hankali dabara ta fara ci. Malam Maliki ya jefa ja, ya bi ta da shuɗiya, aka tafa, ya gyara gilashi yana murmushi. Jajaye suka ƙare, aka shiga masu launi. Ruwa ya kece a kan kwano har sai Bawa ya ɗaga murya in zai faɗi maki. Datti na riƙe da tazarar kamar mai jan akuya da zare: in ta buɗe ya rage, in ta matse ya saki. Da aka jefa ta kusa da ƙarshe, saura baƙa kaɗai a kan tebur, Malam Maliki na gaba da maki huɗu. Baƙa bakwai ce. Wanda ya jefa ta ya ci. Wanda kuma ya yi laifi a kanta, bakwai ɗin na abokin wasansa ne, wasa ya ƙare nan take.

Bugun Datti ne. Ya sunkuya, ya tura fara a hankali, ta taɓa baƙa, baƙa ta mirgina ta nufi ramin kusurwa tana rage gudu, ta je daidai baki ta tsaya, kamar mai leƙa rijiya. Ɗaki ya yi ajiyar zuciya. Ko Kaltume aka ba sanda za ta jefa ta.

Sai da fara ta gama mirginawa ta tsaya sannan Datti ya ga ɓarnar da ya yi. Garin neman sauƙaƙa wa mutumin, ya ajiye ta kusa, a miƙe sak da baƙa da rami, layi ɗaya. Mai wasa ya san irin wannan lallaɓa ta ake yi, a taɓa ƙasan fara don ta tsaya. In aka buga da ƙarfi, aka kuma taɓa samanta, bin baƙa za ta yi har cikin rami. Malam Maliki kuwa tun da aka fara bai buga komai a hankali ba.

Kalma biyu za su raba shi da wannan: a hankali. Suna kan harshensa. Amma ƙaramin ma'aikaci ya koya wa shugabansa bugu a gaban jama'a, a kan ƙwallon da ke bakin rami, ai gara ma ya cinye shi. Ya dubi Irmiya. Irmiya ya gani shi ma, ya ɗaga kai yana kallon silin, leɓensa na motsi.

Malam Maliki ya goga alli, ya waiwaya ya yi wa abokansa murmushi, ya ja sanda baya sosai don a ji ƙarar a baranda. Baƙa ta faɗa da ƙara. Fara ta bi bayanta ba ko tsayawa, aka ji ta faɗa kanta a cikin raga.

Wani da ya riga ya fara tafi ya tsaya hannu a sama. Bawa ya tsaya jikin allo yana duban wannan yana duban wancan, ya kasa faɗin abin da kowa ya sani. Wani babban akawu ya yi gyaran murya ya ce ai ruwan nan ya sa tebur santsi, a fito da baƙa a sake.

"A'a," in ji Malam Maliki. "Doka doka ce. Bawa, ba shi bakwai ɗinsa."

Datti ya matso, ya rusuna. "Ranka ya daɗe, a sake wani. Wannan tsautsayi ne, wasa naka ne tun farko."

"Na san nawa ne. Tun ɗazu nake kallon kana miƙo mini shi." Ya cire gilashi yana gogewa da bakin riga, muryarsa ba fushi, abin da ya fi ba Datti tsoro ke nan. "Duk ɗakin nan sun gani. An tauna an sa mini a baki, na kasa haɗiyewa."

Ya mayar da gilashin, aka riƙe masa babbar riga ya zura. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar kuɗi ya ajiye kan koren ƙyallen, alhali ba a yi da kowa za a sa ko kwabo ba.

"Kai Allah ya ba ka sana'a, Datti. Zalunci ne in tsare irin hannun nan a bayan tafireta. Ka gaida Malam Sanda."

Ya fita cikin ruwan, direbansa na bin sa da lema. Manya suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dubi Datti, ba kuma wanda ya dubi kuɗin. Ɗaki ya rage daga shi sai Irmiya sai Bawa da ke zaro ƙwallaye daga raga. Datti ya so ya bar takardar nan a inda take. Ya tsaya yana kallonta, ya tuna buhun masarar gida ya kusa ƙasa, ga haihuwa na tafe. Ya ɗauka ya ninke ya sa a aljihu. Irmiya ya juya baya yana neman makullin babur ɗin da ke hannunsa.

Ruwa ya tsagaita, titi ya cika da taɓo, Irmiya na kauce wa ramuka. Sai da ya sauke shi a bakin layin kwatas sannan ya ce zai gwada shiga wurin mutumin ranar Litinin da safe, ko Allah zai sa ya huce. Yadda ya faɗa, su biyun sun san ba inda za ta je. Ya ce kuma in an tashi kwashe kaya a gaya masa, ƙanin matarsa na da a-kori-kura.

Safara'u na tsugune bakin famfo tana wanke shinkafa, ta ji shigowarsa ta ɗago. Ta san abin da aka je yi, shi ya zaunar da ita jiya ya yi mata bayani. Ta dubi fuskarsa, ta dubi sandar da ke hannunsa.

"Baban Kaltume, yaya?"

"Na ci," in ji shi.

Ruwa ya ci gaba da zuba a ƙwaryar har ya fara tafiya da shinkafa, sannan ta miƙa hannu ta kashe famfon. Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar. Ta ce gobe in ya yi sallar asuba ya wuce Kurmin Mashi ya tambayi Kawu ko ɗakin nan na zaure har yanzu ba kowa, in da hali a shafe shi kafin ta haihu, don ba ta son ta yi jego a hanya.

Ya ce to. Ya zauna kan dakalin ƙofar ɗaki ya fara kwance takalmi, ƙafafunsa sun kumbura, igiyar ta jiƙe ta ƙi kwantuwa. Daga Kurmin Mashi kuma zai zarce Abakpa. Gobe Lahadi ce, an ce an kawo sababbin sojoji bariki, waɗanda ba su san fuskarsa ba tukuna.